Daƙiƙa Ashirin a Bayan Bellingham

Mun bar Newcastle bayan lisha,
ni da Nafi'u, da kyamara a jakar goyo,
da fulas ɗin shayi mai citta.
Bayan Bellingham muka ajiye mota,
muka taka sayyada, ciyawa na tsotsar takalmi,
tumaki na tari cikin duhu kamar tsofaffi.

Hilda Dodd na jiranmu a bakin shingen duwatsu,
saba'in da ɗoriya, hula har gira.
Ta ce, kashe fitilar nan tukuna,
ido ma baƙo ne, bari ya zauna ya huta
kafin dare ya ba shi labari.

Muka tsaya. Minti goma, ko fiye.
Taurari suka fito ɗaiɗai, sannan garke guda,
ga Kaza da 'ya'yanta can bisa tudu,
su ɗin dai da na baro a Malumfashi,
ashe sun riga ni samun biza.

Bishiyar ita kaɗai ce a fage,
gajera, mai ƙaya, iska ta tanƙwara ta gabas.
Ban san sunanta da Hausa ba.
Na kira ta ƙanwar aduwa, ba ta musa ba.

Na kafa ƙafa uku, na danna su a laka,
na saita gilashi kan tauraro guda
har ya koma tsinin allura,
na buɗe idon kyamara daƙiƙa ashirin.
Kar ka wuce haka, in ji Hilda,
duniya ba ta tsaya maka ba,
taurari za su fid da jela.

Karon farko na dalle ta da tocila gaba da gaba.
Hoton ya fito fari fat,
kamar ɓarawon da aka ritsa a rumbu,
taurarin duk sun ɓuya don kunya.
Hilda ta yi dariya har da ƙwalla.
Ni kuwa sai na tuna Inna a bakin murhu:
gishiri da yatsa uku ake ɗiba,
wanda ya zuba da ludayi ya ci shi kaɗai.

Koma gefe, ta ce wa yaron, taku talatin.
Ƙasa da hannunka. Naɗe bakin tocilar da hankici.
Daga gefe ne ɓawo ke nuna tsagensa,
inuwa ce ke ba reshe jiki.
Fara daga saiwa, ka hau zuwa kai,
daƙiƙa biyu, shafa ɗaya, ka kashe.
Sauran sha takwas na sama ne.

Na biyar ya yi duhu.
Na shida mota ta gifta daga nesa ta ɓata.
Na bakwai raɓa ta kwanta kan gilashi,
na goge da gefen rawanin wuyana.
Yatsuna sun daina jin maganata.

A na tara hankicin ya faɗi.
Nafi'u, don tsoron faɗa,
ya juya tocilar cikin tafinsa,
hasken ya daki fata ya dawo,
ja-ja, mai laushi, kamar garwashi ƙarƙashin toka,
ya je ya taɓa ta a hankali.

Muka haɗa kai uku kan ɗan allon.
Ga ta nan, kowace ƙaya da tauraronta,
sama shuɗiya, mai sanyi, mai zurfi,
ita kuma sanye da launin hannun ɗana.
Hilda ba ta ce komai ba.
Ta miƙo kofi, na zuba mata shayi,
cittar ta sa ta atishawa sau biyu.

A hanyar dawowa yaron ya yi barci,
tocilar na hannunsa har yanzu.
Gamzaki ya tare mu wajen Hexham.
Ƙarfe bakwai zan ja bas mai lamba goma sha biyu,
laka ba ta bushe a takalmina ba.